Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya na Jiharmu, a Kan Akwatin da Ke Ofishin Hedimasta

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan hukuma baki ɗaya, amin. Ni malamar aji uku ce a wata makarantar firamare ta gwamnati da ke ƙarƙashin kulawarka. Bana shekarata 19 da riƙe alli. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, ba kuma zan faɗi ƙaramar hukumar ba, don na san halin aikin gwamnati: gobe da sassafe mota za ta tsaya a ƙofar ofishin hedimastanmu, a tsare dattijo da tambayoyi a kan laifin da ba nasa ba. Ko ba suna, abin da zan faɗa za ka same shi a makarantu da yawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne labarin da ya iso mana cewa ana shirin sake rabon kwamfutocin hannu a makarantun firamare, waɗanda yaranmu ke kira allon bature. Da aka faɗi maganar a ofishin malamai babu wanda ya yi murna. Malamin lissafi ne ma ya ce, "To Allah ya sa a haɗo mana da wani akwatin, wancan ya cika." Aka yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Zan ba ka labarin akwatin nan, amma bari ka fara shiga ajina tukuna.

Ƙarfe bakwai da rabi yara na shara. Ƙurar da suka tayar ita za ta dawo ta zauna a kanmu kafin a gama asambali, don tagogin ajin babu marufi tun iskar da ta ɗauke rabin kwanon aji biyar. Rajistata tana ɗauke da suna 112. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare; ni ke nan ina riƙe da ajin malamai uku har da ɗoriya. Ba duka suke zuwa ba, kuma Allah ya yafe mini, wani lokaci har hamdala nake yi, don in suka zo duka babu inda zan sa ƙafa in isa bayan aji. Ranar Litinin nakan samu wajen 90. Ranar kasuwa rabi. Da damina ta faɗi maza sun tafi gona, 'yan mata kuwa tallansu ba rani ba damina. Benci 14 gare mu, kowanne an yi shi don mutum uku, biyar ke matsuwa a kai. Sauran suna ƙasa a kan buhun da kowa ya zo da shi daga gida. Kiran suna kaɗai yana cin minti goma. Littafin rubutu ɗaya ne na kowane darasi, fensir kuwa akan karya shi biyu, wa da ƙani su raba.

Allonmu siminti ne a jikin bango. In ya koɗe har alli ya daina fitowa, sai in aiki monita ya tsinto matattun batiran tocila, mu fasa, mu kwaɓa baƙin da ruwa mu shafe shi. Na faɗa maka ne don ka san irin batirin da ya zuwa yau ya fi yi wa ajina amfani.

A makon farko na kowace shekarar karatu nakan kira yara ɗaya bayan ɗaya in nuna musu jimla guda: "Inna ta dafa tuwo." Hausa ce, harshen da suka tashi da shi, kalma huɗu. Bana waɗanda suka karanta ta ba tare da sun tsaya ba ba su kai 20 ba. Wasu sun san baƙaƙen amma ba su iya auren baƙi da wasali ba. Yaro ya ce "t", ya ce "u", sai a tsaya ana kallon juna. Akwai waɗanda suka shekara biyu a makaranta ba sa bambance b da d. Kada ka ce ajina ne ya fi kowanne lalacewa. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 suna kai shekara goma ba su iya karanta gajeren labari su fahimta ba. Mu da ke cikin aji ba mu yi mamaki ba. Sunayen taran nan muke kira kullum da safe.

To ga labarin akwati. 'Yan shekarun baya aka zaɓi makarantarmu cikin waɗanda za a ba kwamfutocin hannu. Guda 40 aka kawo, sababbi fil a leda. Kwana uku kafin bikin aka sa mu wanke aji ɗaya, aka yi masa fenti, aka kwaso bencina masu lafiya daga sauran azuzuwa, aka ɗauko hayar janareta. Aka ce kowane malami ya zaɓo yara masu tsafta da cikakken yunifom. Na zaɓo, ban musa ba. Da hannuna na mayar da wani yaro baya saboda wandonsa ya yage a gwiwa, kuma har yau in na tuna kallon da ya yi mini sai kunya ta kama ni. Manya suka zo, aka yi jawabai, yara suka ɗaga na'urori sama aka ɗauki hoto. Kafin azahar an kwashe rumfa, mai janareta ya naɗe wayarsa, bencina sun koma inda suka fito.

Sai aka miƙa wa hedimasta takarda ya sa hannu cewa ya karɓi guda 40, kuma duk wadda ta ɓata ko ta fashe a wuyansa take. Ranka ya daɗe, ka sa kanka a matsayin mutumin da 'yan shekaru suka rage masa ya yi ritaya, yana lissafin giratuti, ga ofis mai ƙofar langa-langa, ga maigadi ɗaya tsoho da ko tocila ba shi da ita. Me za ka yi? Ya sa maƙeri ya haɗa masa akwatin ƙarfe, ya zuba su ciki, ya sa kwaɗo biyu. Duk sanda jami'an sa ido suka zo sai a buɗe, a ƙirga, 40 cif, a rubuta suna nan lafiya, a mayar a rufe. Takardar da suke cikewa tana da gurbin adadin na'urori. Ba ta da gurbin yara nawa suka taɓa su. Bara da aka buɗe, an tarar wasu sun kumbura kamar burodi, batiri ya turo gilashi ya ɗago. A cikin ledarsu suka mutu, ko "a" ba su koya wa kowa ba.

Ba na son in yi magana a kan abin da ban gwada ba. Tun suna da rai na dinga yi wa hedimasta naci har ya ba ni aron biyar na zango ɗaya, bayan na rubuta da hannuna cewa in wata ta lalace ni zan biya. Abin da na gani a wata ukun nan shi ne jigon wasiƙata, kuma ba dukansa ba ne mara daɗi.

Makarantarmu ko wayar lantarki ba a ja mata ba. A gida ma wuta sai ta ga dama. Ba sai na tuna maka Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka yi kwana da kwanaki cikin duhu. Don haka kullum da yamma ina saɓe da jaka zuwa shagon mai cajin waya a bakin kasuwa, in biya daga aljihuna, da safe in biyo in karɓa. A garinmu dai mai cajin nan shi ya fi kowa cin moriyar shirin.

Sannan darasi minti 35 ne. Kafin in raba yara 90 gida biyar, kowane gida mutum 18 a kan gilashin da bai fi tafin hannu biyu ba, in kunna, in shigar da lambobin sirri, in raba faɗan wanda zai riƙe, minti 15 ya tafi. Wanda ya fi ƙarfi shi ke riƙewa, kuma kusan kullum namiji ne. Na baya ba sa ganin komai sai ƙeyar na gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshe. Wata mata ce ke magana a ciki, da irin Turancin da ni kaina sai na kasa kunne biyu nake tsintar wani abu. Hotunan kuwa tuffa ne da dusar ƙanƙara da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Yara suna maimaita sauti kamar aku, in ka tambaye su me aka ce sai su yi murmushi. Ɗan ɓangaren Hausa da ke ciki, wanda ya rubuta shi bai san da zaman baƙaƙe masu ƙugiya ba. Aka nuna hoton ƙafa aka rubuta "kafa". Aka nuna launin baƙi aka rubuta "baki". Ni da na shafe makonni ina fama da su cewa ƙ daban k daban, ɗ daban d daban, sai ga yaro ya miƙe ya ce, "Malama, kwamfuta ta ce babu ƙugiya." Da wa zai yarda, da ni ko da na'urar da manya suka zo da jerin motoci suka kawo? An daɗe ana muhawara a kan harshen koyarwa a ƙasar nan, tun manufar ilimi ta 1977 da ta ba harshen gida ƙananan azuzuwa, ana sauyawa ana sakewa. Ko wace manufa ke aiki a Abuja yau, yaron ajina da Hausa yake tunani, kuma ta ƙofarta zai shiga karatu, har Turancin ma.

Yanzu ga mai daɗin. Akwai wata yarinya mai tallan awara. Takan zo a makare, ta zauna can lungu da bokitinta a tsakanin ƙafafu, ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ba. Wata rana awararta ta ƙare da wuri a lokacin tara, na gan ta zaune ita kaɗai, sai na miƙa mata ɗaya. Akwai wani wasan haɗa gaɓoɓi a ciki: ka taɓa "ba", ka taɓa "ka", na'ura ta furta maka. Ta yi kuskure sau shida ko bakwai. Na'urar ba ta yi tsaki ba, ba ta ɗaga bulala ba, babu 'yan aji balle su yi mata dariya. Can sai ta haɗa su daidai, ta ɗan yi shiru, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malama, baka ne! Na harbi!" Wannan haƙurin ni ba ni da shi a aji mai yara 90, gaskiya ɗaya ce. A nan na'ura ta fi ni: ba ta gajiya da maimaici, ba ta kunyata yaro. Amma ka dubi abin da ya haɗu a ranar. Yarinya ɗaya, na'ura ɗaya mai caji, darasi da Hausa, malama a gefe. Zare ɗaya daga ciki ka ga abin da zai saura.

Ana saura mako biyu a yi hutu wani yaro ya zauna a kan ɗaya, gilashin ya tsage. Na kai wa masu gyaran waya, suka jujjuya ta suka ce babu kayanta a kasuwa. Lambar wayar da aka buga a jikin kwali ba ta shiga. Na cika alƙawarin da na rubuta, na mayar da su akwati. Tun daga ranar babu malamin da ya sake neman aro. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ba a kanmu farau ba, ranka ya daɗe, kuma shi ya sa abin yake da ciwo. A 2007 aka kai wa yaran makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin nan kore da fari na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda aka yayata a duniya da sunan kwamfutar dala 100. Yaran da suka ɗaga su aka ɗauki hoto yau sun isa iyaye. Ƙasar Peru ta sayi irinsu dubban ɗaruruwa. Da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantun karkara sama da 300, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na karatu da lissafi bai ƙaru ba. A Kenya, tsohon shugaban ƙasa Uhuru Kenyatta ya yi alƙawarin kwamfuta ga 'yan aji ɗaya a 2013, aka fara rabon na hannu a 2016. Amma shirin da masana ke kafa hujja da shi a kan ɗaga karatun ƙananan azuzuwa a ƙasar wani ne daban, mai suna Tusome, da aka fara a 2015. Kowane yaro da littafinsa, kowane malami da jagoran darasi, na'urar kuwa tana hannun jami'in da ke zagayawa, ya zauna a bayan aji ya kalli darasi, bayan an tashi ya ba malami shawara.

A gida ma akwai abin dubawa. Edo a 2018 da Legas a 2019 sun sa na'urar a hannun malami ne, da darasin kowace rana a rubuce a ciki. Ina da ja a kan wannan: ba na son a mayar da ni mai karanta abin da wani ya rubuta kalma da kalma, ko yara sun gane ko ba su gane ba, don kawai na'ura tana ƙirga mintoci. Amma ko banza sun gane hannun da ya kamata a fara cikawa. A Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta, wanda ya koyar da karatu da Hausa da littattafai a hannun yara. A Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano, daga 2019, an gwada raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, dabarar da aka samo daga Indiya, kuma da korona ta rufe makarantu aka ci gaba da bin yaran ta rediyo da saƙon waya.

Rediyon nan ita ta buɗe mini ido. Da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, babu yaron ajina ko ɗaya da ya yi karatu ta intanet. Waɗanda suka dawo ba su manta komai da komai ba su ne waɗanda gidansu ke da rediyo da kuma wata yaya ko wani wa da zai zaunar da su lokacin darasi. Sai na yi tunani: gilashi mutum uku yake isa, murya kuwa tana isa 90. Na sayi 'yar sifika irin ta masu tallan maganin gargajiya, da memori ɗaya. Da daddare in yara sun yi barci nakan ɗauki muryata a waya ina karanta gajeren labari, ko ina rera gaɓoɓi, ba be bi bo bu, da karin da suka saba ji a makarantar allo. Da safe in rataye sifikar a ƙusar da ke saman allo. Ita tana karantawa, ni hannuna da idona sun samu 'yanci, ina ratsa layi ina duba yatsan wa ke kan kalmar da ake faɗa, na wa ke yawo. Caji ɗaya yana kai mu kwana uku. Yanzu mu shida ne a makarantu huɗu muke musayar irin waɗannan ta WhatsApp. Wata malama a cikinmu ta fi ni murya, wani kuma ya iya waƙar lissafi. Babu wanda ya kira mu taro, babu wanda ya ɗauke mu hoto. In ana neman koyo da na'urar zamani da ke aiki a ƙaramar hukumarmu, to wannan ne, kuma kuɗinsa bai kai na hayar rumfar bikin nan ba.

Na san da Learning Passport, dandalin darussa na intanet da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a Maris ɗin 2022, kuma akwai darussan Hausa a ciki. Na leƙa, na sauke wasu, na amfana. Sai dai a makarantarmu sai ka hau tudun bayan aji shida kake samun sabis, ga shi an ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Malamin da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata ba zai sayi data don darasi ba. Me zai hana hukuma ta sauke darussan nan sau ɗaya, ta zuba a memori, ta raba wa malamai ranar taron wata?

Kada ka ɗauka ina cewa yaranmu ba sa bukatar kwamfuta. Wallahi suna bukata, kuma sun fi 'ya'yan masu hali bukata. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Wani yaro da na koyar, mai ƙwaƙwalwa, ya zo gaishe ni bayan ya rubuta tasa, ya ce mini ranar ce ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, kuma kafin ya gane yadda ake wucewa tambaya ta gaba na kusa da shi ya yi nisa. Ba ilimi ne ya kayar da shi ba. Mu kuwa a nan darasin kwamfuta da alli ake yin sa. Malami ya zana akwati mai kusurwa huɗu a allo, yara su haddace sunaye. An taɓa tambayar wani ɗan aji huɗu mene ne monita, ya nuna wanda ke rubuta sunayen masu surutu. Aka yi ta dariya, alhali taku ashirin daga inda yake tsaye na'ura 40 ne a kulle.

To me nake roƙo? Kafin a sauke kwali ko ɗaya a wata makaranta, a fara kafa mata sola da batiri, a gyara ƙofar ɗakin da za a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin kwangilar sayen a rubuta gyara da kayan gyara na shekaru, a kuma samu mutum a kowace ƙaramar hukuma da za a kai wa in ta lalace. Samarin da ke gyaran waya a kasuwanninmu suna kwance waya mai tsada su mayar. A koya musu, a ba su kayan, aikin yi ne ma a gare su.

Takardar nan da ake sa hedimasta ya sa wa hannu, don Allah a yaga ta. Kayan da yara ke amfani da su dole su fashe. Littafin da bai yage ba ba a karanta shi ba ne. A ware kason da aka yarda zai lalace kowace shekara, a hukunta mai sata, a ƙyale mai amfani. Jami'in sa ido kuma a canza masa tambaya: ya bar ƙirga na'ura, ya kira yaro biyar daga bayan aji ya ce su kunna su nuna masa abin da suka koya. Ranar da aka fara yin haka, da kansa hedimasta zai nemo makulli.

Na'urar farko a ba malami, tare da sifika da darussan da ba sa bukatar intanet. Duk abin da aka rubuta da Hausa a ba malaman firamare da na sashen Hausa a kwalejojin ilimi su duba kafin a biya mai shi ko kwabo. 'Yan aji ɗaya zuwa uku, ni dai a ganina, littafin karatu da fensir suka fi bukata, kowa da nasa, ya tafi da shi gida. Kai ke da lissafin, ranka ya daɗe: kuɗin na'ura ɗaya littafi nawa zai buga? 'Yan aji huɗu zuwa shida kuma a yi musu ɗaki ɗaya, su shiga rukuni-rukuni, mutum biyu a kan na'ura, a kuma ware wa 'yan mata lokacinsu, in ba haka ba kallo za su ƙare da shi. Bita kuwa, mun gaji da ta kwana uku a otal, wadda fuskoki ɗaya ke zuwa kullum su karɓi alawus su dawo ba su koya wa kowa komai ba. A zo mana nan, a cikin zango, a cikin ajin da za mu yi aikin, da ƙurarsa da hayaniyarsa.

Kuɗin ba daga sama za su faɗo ba, na sani. Amma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan mataki na ilimi, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya tana kokawa cewa biliyoyin naira suna nan jibge jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Makarantun zamani na gwaji da aka gina, ɗaya a kowace jiha, abu ne mai kyau, Allah ya sa albarka. Sai dai yaran da ke zaune a kan buhu ba za su taɓa ganin ko ƙofarsu ba.

Saura iyaye, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai ranar biki. A zangon da na yi gwajin nan wani uba ya zo har ƙofar aji, ya yi sallama, ya ce ya ji an ba 'yarsa waya a makaranta, yana so ya san ko akwai fim a ciki. Ban ga laifinsa ba. Yana ganin abin da waya ke yi wa samarin unguwa. Na zaunar da shi a kan kujerata na nuna masa wasan gaɓoɓi. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe allo ne." Na ce allo ne, Baba, sai dai ba a wanke shi. Mutanenmu sun san darajar yaro da allonsa a hannu tun kafin boko ya zo, ba sabon abu za a koya musu ba. A kira kwamitin kula da makaranta da limamai da malaman Islamiyya a nuna musu abin da ke ciki tun kafin a raba, a kuma toshe duk abin da ba na karatu ba.

Daga ƙarshe ina gayyatarka, ranka ya daɗe. Ka zaɓi kowace makaranta da aka taɓa kai wa na'urori, ba sai tamu ba. Ka zo ranar da babu wanda ya sani, ba jiniya, ba wasiƙar sanarwa, don in aka sani za a yi fenti. Ka iso kafin takwas ka ji kiran suna, ka zauna a bayan aji har a fita tara. Za mu ba ka aron buhu. In an tashi ka ce a buɗe maka akwati. In tamu Allah ya kawo ka, ka taho da maƙeri: makullin kwaɗo ɗaya yana aljihun hedimasta, na biyun ya ce tun bara yake nemansa.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malamar aji uku.